Saƙon Zalika Zuwa Kumasi

Ni ba a ɗauke ni in gyara zuciyar kowa ba. Ingilishi nake koyarwa bayan la'asar, a wani aji na gidan matasa na Dakoro. Ɗalibai goma sha bakwai gare ni, yawancinsu ƴan lise, wato sakandare, masu jin sun fi ni sani, sai kuma Zalika.

Zalika ta haura hamsin. Cuku take sarowa daga Azagor tana sayarwa a bakin tasha, kullum a bencin baya take zama da kayenta, littafin rubutunta, cikin leda. Ɗanta na fari, Amiru, shekararsa goma sha biyu a Kumasi, can ya yi aure, jikokinta ba sa jin Hausa. Don su ta shigo ajin, in ji ta. Sunan Amirun ma a bakin ƙanwarsa Ramla na ji, don Zalika ba ta taɓa faɗarsa ba. Kunyar ɗan fari ce. "Wancan" take ce masa, ko ya kira waya sai ta miƙa wa Ramla, ta koma gefe tana kasa kunne.

Makon da muka shiga kalmomin abin da ke cikin rai, na zana fuskoki a allo: mai murna, mai fushi, mai tsoro, mai kewa. Yaran suka yi ta shewa, wai mai kewar ta yi kama da ni. Ba su yi ƙarya ba. Shekarata uku a garin nan, iyalina na Zinder, ni da rediyo muke cin tuwo.

Da aka tashi Zalika ta tsaya. Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan.

"Mushe, wagga ta ƙarshe. In mutum ya faɗe ta da Ingilishi, ai ba shi yi rashin kunya ba ko?"

Na ce mata ko kaɗan, ai ba bakinmu ba ne. Har da cewa ta sa sunansa a gaba, haka masu harshen suke yi. Na ji daɗin kaina ranar, kamar na ƙirƙiro wani abu.

Kwana tara muna maimaita kalmomi huɗu, sunansa da sauran ukun masu cewa tana kewarsa. Sunan ne ke maƙale mata. Ta kan kai bakinsa ta tsaya, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. Ranar Laraba ta riƙe salularta da hannu biyu, ta faɗa sarai, na danna mata saƙon muryar ya tafi. Ta zauna a benci gumi na zubo mata. Nan take muka ga alamar an saurara.

Alhamis ba amsa. Juma'a ba amsa. Tana zuwa aji, wayar na kan cinyarta, ba ta rubuta komai.

Ranar Asabar ta zo tun kafin kowa, ina goge allo.

"Ya kira," ta ce.

Na ajiye tsumman, har na fara murmushi.

"Ba ni ya kira ba, Ramla ya kira. Ya ce mata ta gaya mishi gaskiya, wace cuta ce gare ni, kwana nawa lokotoro ya ce sun rage. Wai tunda ni kira sunanshi da bakina, bankwana nika yi."

Haushin kaina ya kama ni, ni da shegen iyayina.

"Ramla ta rantse mishi lahiyata lau. Sai ya ce to alhamdu lillahi, a gaishe ta." Ta gyara ledar kayenta. "Har ya sayi tikitin mota, Mushe. Da ya ji lahiya nike, ya maida."