Riɗi Iri Goma Sha Huɗu a Kwano Ɗaya

Aikin shekara uku ya tafi cikin minti goma. Riɗi iri goma sha huɗu, kowanne da ambulan ɗinsa da lambarsa, ya koma fili ɗaya a bayan gida.

Mahaifin malamar gonar ne ya yi aikin, tsohon direba da ya ajiye tuƙi bara. Abin ya faru ranar Asabar da hantsi, ta fita sayen batirin ma'auni. Ta kawo irin gida ne saboda ɗakin ajiyar ofis yana yoyo. Ranar Litinin za ta shuka kowanne a layinsa a gonar gwaji, a ga wanda ya fi jure ƙarancin ruwa.

Da ta dawo ta tarar da ambulan a yayyage, Baba yana ɗauraye kwanon wanki.

"Baba, ina irin?"

"Na watsa miki shi. Ƙasa ta jiƙe, ke kina yawon batir."

"Duka? A kwano ɗaya?"

"To a kwano nawa? Na gauraya da yashi yadda ake yi. Riɗi ba a yi masa layi, Uwata, ba ɗan makaranta ba ne."

Ta ce lamba huɗu daban, lamba tara daban. Ya tsinci ƙwaya biyu da suka maƙale a bakin kwanon, ya miƙo mata a tafin hannu.

"Nuna min lamba huɗun."

Ta kasa.

Inna ta leƙo ta taga. "Na ce masa ya jira ki. Wai shi ya girmi takarda."

Malamar ta durƙusa a filin da cokali tana tsinta, kaji suka zo taya ta. Ta kore su, suka watse, suka dawo. Kafin azahar ta haƙura.

Iri shida ne kawai ke da ragowa a ofis. Sauran takwas ɗin ba su ko'ina sai a ƙasar nan. Ta kewaye filin da ragar waya, ta hana Baba yi masa ban ruwa don ta ga wanda zai jure. Kwana biyu bai amsa gaisuwarta ba.

Ruwa ya ɗauke sati uku, yawancin tsiron ya ƙone. Wani ɗan yanki a tsakiyar filin yana nan kore shar. Baba ya ce albarkar hannunsa ce. Ita ba ta san lambar irin da ya tsira ba, kuma shugaban sashe yana jiran rahoto ranar Alhamis.