Kafin Kiran Magariba ko Bayansa

Ran Juma'a da yamma na haifi ɗana, a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke tsakanin Muchia da Chikaji. Da aka sallame mu muka dawo gida, na tarar Papa Nwankwo ya riga ya fito da wuƙarsa yana gogewa da tsumma.

Gidan 'Yan Asabar ake kiran gidanmu a Sabon Gari. Mazaunansa tsofaffin ma'aikatan reluwe ne 'yan ƙabilar Ibo, da suka yi ritaya suka taru wuri guda da matansu suna bin addinin Yahudawa. 'Ya'yansu duk sun watse Legas da Fatakwal. Abin da ya rage musu shi ne hirar tashar Kafanchan, da ƙorafin fansho, da gardamar wanda ciwon gwiwarsa ya fi tsanani. Ni da mijina Julius, jikan yayan Papa Nwankwo, mu kaɗai ne masu baƙin gashi a gidan.

A addininsu ran kwana takwas ake yi wa namiji kaciya, kuma Papa Nwankwo ne mai yi. Rabon da a haifi namiji a gidan tun mulkin soja, don haka murna ta cika tsofaffin. Ni kuwa hannunsa nake kallo. In ya ɗauki kofin shayi, rabi ne ke isa bakinsa, rabi na rigarsa ne. Kowa na gani, ba mai faɗa.

Na yi wa Julius magana. Ya ce ai shi ma Papa ne ya yi masa. Na tambaye shi a wace shekara. Daga baya ya roƙe ni kada in kunyata tsoho a gaban tsaransa, wai wannan aikin ne kaɗai ya rage ana nemansa dominsa. Na je na sami Remi, nas ɗin da ta karɓi haihuwata. Ta ce za ta yi, amma ba za ta shiga gidan mutane da kayan aiki ba sai sun kira ta da bakinsu. Na dawo na haɗa zannuwa da kayan jariri a jaka na tura ƙarƙashin gado. In ta kama, gidan iyayena a Zonkwa zan tafi da shi, ko da aure zai girgiza.

Ran Talata aka kira ni gindin mangwaro don a tsayar da rana. Papa Albert, tsohon mai duba tikiti, shi ya san dokoki. Ya bayyana mini cewa a wurinsu rana tana farawa ne da faɗuwar rana. In yaron ya fito kafin nan, Juma'a za a yi. In bayan nan ne, Asabar. Su kuma ba su yarda da agogo ba, kiran magariba suke saurare. Shekara da shekaru ladani ke buɗe musu Asabar, ranar hutunsu ta addini, bai sani ba.

"To, Dinatu 'yata," in ji Papa Albert, "da ya fito, an kira salla ko ba a kira ba?"

Na ce masa a lokacin ba ladani nake saurare ba. Matan da ke tsince shinkafa a gefe suka ƙyalƙyale da dariya, ɗaya ta ce a tambayi mazan ko su sun taɓa jin komai ban da kiran abinci. Papa Albert bai yi dariya ba, ya ce in daure in tuna.

Na tuna, na kuma faɗi iyakar abin da na sani. Masallatai biyu ake ji daga ɗakin haihuwar. Na ɓangaren Muchia ya kira ina cikin naƙuda, na ɓangaren Chikaji ya kira ana yanke cibi.

Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce ladanin Muchia gaggawa gare shi, wasu suka ce na Chikaji sai ya rufe shagonsa tukuna. A ƙarshe Papa Albert ya yanke: tunda akwai shakka, Juma'a ta yi wuri, Asabar kuma ba a karya ta a kan shakka. Sai Lahadi. Ni dai ban ga abin da na samu ba, hannun da ke rawa ran Juma'a ba zai daina ran Lahadi ba.

Papa Nwankwo ya yi gyaran murya. Ya ce in haka ne aikin ya fita daga hannunsa, domin kaciyar da ta wuce ranarta ta ma'aikatan asibiti ce, dattijo riƙe yaro kawai yake yi a cinya.

Papa Albert ya buɗe baki zai tambayi inda aka samo wannan doka, sai ya tsaya. Ya ɗan jima yana kallon abokinsa, wanda ya danne hannayensa biyu tsakanin gwiwoyi. Ya ce ƙwarai, yanzu ya tuna, akwai wannan dokar, tsufa ne ya so ya mantar da shi. Sauran ma duk suka tuna. Aka ce Julius ya je ya kira nas.

Na tashi zan koma ɗaki Papa Nwankwo ya kira ni.

"'Yata, ki yi haƙuri," ya ce. "Na san kin so a ce hannuna ne ya yi wa yaron nan. Amma doka ta fi ƙarfina."

Na durƙusa na ce, "Ba komai, Papa. Zan daure."