Tagar da Idrisa Ya Toshe

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, tukunyar gas ta fi ƙarfin Idrisa, mai ɗan shagon kayan masarufi a unguwar London ta birnin Libreville. Matarsa Hawaou ko a jikinta. A ƙauyensu na wajen Garoua, a arewacin Kamaru, tun tana 'yar shekara bakwai take tsugune gaban murhu cikin bukka marar taga, tana hura karan dawa. Ta ce ita da itace ai sanin tuni ne. Idrisa ya riƙa kwaso mata guntayen katako daga wurin kafintoci, wasu ma da fentinsu a jiki.

Da fari a tsakar gida take girki. Sai aka shiga kamen baƙin da ba su da takardar zama, ita kuwa ba ta da ita. Murhu ya koma cikin ɗaki, aka ja ƙofa aka rufe.

Dama tana da ɗan tari, nan ya tsananta. Idrisa mutum ne mai son matarsa, kuma kamar duk ɗan arewa ya san abu guda da ke kawo tari, wato sanyi. Ga gari a bakin teku, ruwa ba dare ba rana. Ya zage damtse. Ya cusa tsummoki a kowace kafa ta bango, ya buga leda a taga da ƙusa. In ta gama girki sai ya cika kasko da garwashi ya ajiye mata kusa da gado, a barbaɗa turaren wuta. Har taƙama yake yi a masallaci cewa ɗakinsa ko sauro bai san hanyar shiga ba.

Ranar da ya ga jini a gefen zanenta ya tsorata ƙwarai. Ya saka ta a taksi, ta lulluɓe, suka tafi unguwar Louis wurin wani likita ɗan Kamaru wanda ba ya tambayar takarda. Aka yi hoton ƙirji, aka yi gwaji, bayan sati biyu suka koma.

Likita ya tambaya da Faransanci ko tana shan taba. Idrisa ya ɓata rai. Likitan ya tambayi inda take girki, Idrisa ya ba shi labarin tsummoki da leda da kasko, bai rage komai ba, yana jiran a yaba masa. Likitan ya cire tabarau. Ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Hayaƙin shekara talatin ne, watannin nan na baya kuwa sun ƙara masa gudu. Hawaou ba ta jin Faransanci, fuskokinsu kawai take kallo.

Da suka iso gida motar jandarmomi na tsaye a bakin layi. Idrisa ya ɗauko murhun ya fito da shi fili, ya shimfiɗa mata tabarma can nesa, inda iska ke kaɗawa.

Ta ce, "Malam, za su gan ni fa."

"Su gani."

"Wai me likitan ya ce?"

Ya duƙa yana jera katako, bai iya ɗagowa ba. "Ya ce daga yau ni zan riƙa girki."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta duba abin da ya fito a hankicinta, ta ninke shi a hankali ta tura ƙarƙashin cinya. Ta daɗe tana kallon bayan mijinta.

Ta ce, "To, matso da tukunyar. Gara in koya maka tun ina da murya."