Ranar da Inna Ta Kira Sunansa

"Inna, mi ya sa Baba shike zagayawa bayan ɗaki shi tofar da nama? Ko shi ma haƙoransa sun zube ne kamar naki?"

Ɗana Zayyad ne, ɗan shekara biyar, ya jefo wa kakarsa wannan tambaya muna cin abincin rana. Inna Hamsatu uwar mijina ce, ta zo mana daga Maiyama. Ta kai masa dunguri ta ce, "Ja can, mijin banza da ko goro bai saye mini." Amma na ga hannunta ya tsaya a cikin kwano. Baban Zayyad yana zaune a ƙofar ɗakinsa da nasa kwanon, ya yi kamar ba da shi ake ba.

Ni kam na ji daɗin tambayar, domin na gaji da yin ta ni kaɗai.

Tun da aka kawo ni gidan nan a Jega mijina, da kowa ke kira Magaji, yake fama da ƙwannafi. Fataucin albasa yake yi, ya wuni a kasuwar Aliero daga goro sai shayi, ya dawo ya ɗora tsire mai yaji a kan tuwo, ya miƙe a tabarma ko hannu bai bushe ba. Sai gyatsa mai tsami, sai dukan ƙirji, sai "Sakina, jiƙo mini kanwa." Na jiƙa kanwa har na fi mai koko sanin ta. Da ta daina yi masa, ya koma farin maganin nan na kwalba da ake saya a kemis, yana kurɓa kamar fura.

Bana abin ya sauya. Loma ta fara tsaya masa a ƙirji, sai ya bi ta da ruwa. Ya bar nama, ya ce wai mahauta sun lalace. Ya bar ɗumame. Wandunansa na ga yana ta ƙara jan mazagi. Da na kai Zayyad asibiti saboda zazzaɓi, na yi wa ma'aikaciyar jinya bayanin babansa. Ta ce ƙwannafin shekaru da ya kai ga abinci yana maƙalewa, ga rama, ba na kemis ba ne, sai an zura siririyar roba mai kyamara ta baki an duba hanyar abinci.

Da na gaya masa, dariya ya yi. "Ni za a zura wa tiyo kamar tankin mota? Ana tsakiyar kakar albasa? Ke dai jiƙo kanwa."

Na yi lallashi, na yi fushi, na ɓoye kanwar, ya aiki yaro maƙwabta ya karɓo. Mutum ɗaya ce a duniya ba ya tsallake maganarta, ita kuwa ba ta yi masa magana. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ko ciwo yake yi ba ta tambaya. In ta kama dole sai ta ce "wancan" ko "mai albasa". Kanwar ma da yake sha, ita ke aiko mini da ita a ƙulle, ba ta taɓa cewa ta wane ne ba.

Bayan la'asar na same ta tana tsinke zogale. Na ce, "Inna, don Allah ki yi mishi magana."

"Wa?"

"Inna, kin san wa."

"Ke ɗiyar nan, ba ki da ta ido? Ni ina ruwana da wani ƙato?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "To shi ke nan. Ke kunya, shi taurin kai, ni kuma in zauna in yi ta dama kunu har ranar da kunun ma zai ƙi wucewa. Zayyad fa shekararsa biyar, Inna."

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tun yaushe nama ya ƙi wuce mishi?"

"Tun damina."

Ta ajiye tiren. "Haka Malam ya fara," in ji ta. Malam shi ne mahaifinsa, ya rasu kafin aurenmu, kuma abin da aka gaya mini kawai ciwon ciki ne. "Nama, sannan tuwo, sannan kunu. Kanwa munka yi ta ba shi."

Da safe ya fito zai tafi Aliero, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta yadda ya saba, yana jiran ta amsa tana kallon bango. Sai ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Hashimu."

Makullin babur ya faɗi daga hannunsa. Ni kaina sai da na waiga in ga ko da wani take, don ban taɓa jin sunansa na yanka a bakinta ba.

"Ba ka zuwa kasuwa yau. Ka bi matarka a duba ka. Na binne ubanka da wannan ciwo, ba ni binne ka."

Zayyad ya ce, "Lah, Inna ta san sunan Baba!"

A babban asibiti a Birnin Kebbi aka ba mu ranar zura kyamarar. Aka hana shi cin komai tun dare, aka fesa masa magani a maƙogwaro, kafin in gama zullumi har an fito da shi. Likita ya ce tsamin ciki da ke tasowa ne ya ƙone hanyar abincin har ta tsuke. Sun ɗebi ɗan nama don gwaji, sakamako ya fito ba ciwon daji ba ne, amma ya ce irin wannan in an bar shi yana iya komawa can. Aka buɗa wurin, aka ba shi magani, aka hana shi kanwa da kwanciya da cikakken ciki. Yanzu faɗanmu a kan yaji ne. Inna kuwa ta koma "mai albasa" abinta.

Ke da kike jiƙa wa naki kanwa, ki saurare ni. In ƙwannafi ya daɗe yana dawowa, ko loma ta fara tsayawa, ko yana rama, ko kika ga aman jini ko baƙin bayan gida, ki ajiye kofin nan ki kai shi a duba cikinsa. Kada ki jira sai kunu ya ƙi wucewa.