Ranar da Motar Malam Barau Ta Yi Zafi

Tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet, Abdulsalami ya gangara gefen titi ya kashe mota. Mun bar Gwaram da nisa, asibitin Birnin Kudu kuma da saura. Ina zaune a baya, kan Malam Barau a kafaɗata, rigarsa sharkaf da gumi.

Malam Barau maƙwabcina ne, katangarmu ɗaya. Tsohon direba ne, kuma wannan tsohuwar motar tasa ta kai rabin matan unguwarmu asibiti haihuwa. Da hantsin ranar ciwon ƙirji ya kama shi a tsakar gida. Inna Kulu, matarsa, ta aiko kirana daga shagon ɗinki, ni kuma na kira Abdulsalami bakanike, don shi ya san halin motar.

Abdulsalami ya ɗaga bonet, ya kai hannu kan murfin lagireto.

"Kar ka buɗe da zafi," in ji Malam Barau, muryar can ƙasa. "Zai ƙona maka fuska, ɗana. Bari ta huce."

"Baba, tamostat ɗin ne. Ya maƙale, ruwa ba ya zagayawa."

"Na sani."

Ni ma na sani. Tun kafin damina Malam Barau ya sayo sabo a Kano, a gabana ya miƙa wa Abdulsalami ya saka masa. Abdulsalami ya ce sai ya gama da wata bas. Bas ta fita, wata ta shigo. Duk sanda tsohon ya leƙa gareji ya tarar da shi a ƙarƙashin motar wani, sai ya ce, "Yi na mutane, tawa ta gida ce." Haka ya ci gaba da lallaɓa ta da jarkar ruwa. Ranar da muka fito a gigice, ba wanda ya tuna da jarkar. Sabon tamostat kuwa yana can cikin gareji.

Na riƙa ɗaga wa motoci hannu ta taga. Ranar kasuwa ce, kowace a cike take da buhuna da mutane. Wani manomi ya bar fartanyarsa ya kawo mana ruwa a bokiti. Abdulsalami bai iya jira ba. Ya tuɓe riga ya naɗe hannu, ya kama sifana zai cire lalataccen tamostat ɗin gaba ɗaya, ko ma samu mu ƙarasa. Ruwan zafi ya feso masa a yatsu, bai ja da baya ba.

"Buba," Malam Barau ya kira ni. "Ka ce wa yaron nan ya yi a hankali."

Daga nan ya yi kalmar shahada. Na ji nauyinsa ya ƙaru a jikina. Na daɗe ban kira Abdulsalami ba, ina jin ƙarar sifanarsa.

Ko kusa da masu zaman makoki Abdulsalami bai zauna ba, can bakin kwata yake rakuɓewa. Da aka watse, wata safiya na fito na gan shi a gaban motar, a ƙofar gidan Malam Barau, da akwatin kayan aiki, yatsunsa naɗe da tsumma. Ya wanke mazaunin tamostat ɗin tas, ya kankare tsohon gaskit, ya zaunar da sabon, ya ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe masa mazurari ya cika lagireto.

Inna Kulu ta leƙo daga zaure cikin mayafin takaba, ta ajiye kwanon koko.

"Inna," ya ce, bai ɗago ba. "Aikin nan bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Da na yi shi tun..."

"Kwanansa ne ya ƙare, Abdulsalami. Sha kokonka."

"Ya ce tasa ta gida ce."

Ta koma ciki.

Ya tada mota, muka tsaya muna kallon allurar zafi. Ta hau a hankali, ta kai tsakiya ta tsaya. Bai kashe injin ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, koko yana hucewa kusa da ƙafarsa.