Kananzir a Kwalbar Lemo

Mai fenti bai taɓa sayen mazubin kananzir ba. Kwalbar lemo yake tsinta ya ɗura, ya riƙa wanke burushi. Ranar da ya je shafe falon yayarsa ma haka ya yi. Ya ajiye kwalbar a bakin taga, ya hau tsani.

Mijin yayar kuwa likita ya hana shi zaƙi, matarsa ta sa masa ido. Ko sukarin shayi a kulle yake.

Mai fenti na sama sai ya ji tari a bayansa, kamar tsohuwar mota ta ƙi tashi. Ya waiwaya. Maigidan na tsaye jikin taga, ido jawur, hawaye na zuba, gaban riga a jiƙe. Kwalbar ta ragu.

"Yallaɓai, me ka sha?"

"Ni? Ban sha komai ba. Warin fentinka ne."

Mai fenti ya sauko, ya kai hanci kusa da bakinsa. Mutum yana wari kamar risho.

"Yaya! Fito, mijinki ya sha kananzir!"

"Rufa mini asiri mana," in ji maigidan, ya sake sarƙewa da tari.

Yaya ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi kwalbar, ta dubi mijinta.

"Baban yara, lemo ka je sata?"

"Dubawa kawai na yi."

"Da maƙogwaro kake dubawa?"

Kafin ya amsa, mahaifiyarsa ta taho daga ɗakinta da kofin ruwan gishiri, ɗaya hannun da gwangwanin madara, yatsa a miƙe.

"Buɗe bakin! Ni na haife ka, ni zan zaƙulo shi."

Mai fenti ya tare ta da sandar rolar fenti.

"Inna, a'a. In ya yi amai, kananzir ya sauka huhu. Can ne yake kisa. Ba amai, ba madara."

"Kai da ka zuba masa, kai ne likita?"

Mai fenti ya ja maigidan waje inda iska take, ya tuɓe masa rigar, ya wanke masa ƙirji da sabulu, ya ba shi ruwa ya kuskure ya tofar. Inna na zagayawa da kofinta tana neman ƙofa, yana juya mata baya. Maƙwabta suka leƙo suna kallon babban mutum ba riga, tumbi a waje.

Suka tari mota. Mai fenti ya zaunar da maigidan a miƙe, ya rungume kwalbar don a gani a asibiti. Direba ya shaƙi iska sau ɗaya, ya kashe sigarinsa, ya zuge gilasai duka.

A asibiti nas ta karɓi kwalbar ta sunsuna.

"Nawa ka sha? Faɗi gaskiya, da ita za mu yi aiki."

Maigidan ya saci kallon matarsa.

"Kurɓa ɗaya."

Yaya ta yi gyaran murya.

"Biyu. Na farko na ɗauka sabon samfuri ne."

Likita ya saurari ƙirjinsa, aka ɗauki hoto. Ya ce huhu lafiya, amma sai ya kwana a ga yadda numfashi zai kasance. Mai fenti ya jingina da bango.

Yaya ta jawo kujera har bakin gado, ta zauna, ta gyara ɗankwali. Mai fenti ya juya zai fita, sai ya ji an damƙe masa gefen riga.

"Don Allah," in ji maigidan a hankali, "kar ka bar ni da ita."