Ba a Shafa wa Goshi Fenti

Ƙanwata ta riga kowa taɓa saman bangon, kuma ita kaɗai aka kora. Ina zaune a benci na gani da idona, don haka kada wani ya zo ya ba ni labari.

Ni mai faci ne. Shagona na bakin titi a garinmu, kuma bayan garin akwai dutse. Fuskarsa ta gabas sumul take, ta turo gaba, shi ya sa muke ce mata Goshi. A nan ƙanwata ta koyi hawa, tun tana bina da igiya a kafaɗa har ta zo ta wuce ni. Tsaka muke kiranta, don ko jikin kwalba aka ajiye ta sai ta samu wurin maƙalewa. Takalmin hawanta ma ni nake liƙa masa robar tsohuwar taya.

Da aka ce ana neman mace ɗaya da za a ƙara a tawagar ƙasa, muka shiga mota zuwa babban birni. Gurbi ɗaya ne, 'yan mata goma sha huɗu. Muka tarar da bango na katako a cikin wani zaure mai fanka, an ɗaure masa mariƙai na roba, ja da kore da rawaya, kamar kantin kayan wasan yara. An ce a bi ja kaɗai. Tsaka ta ji, ta ɗaga kai alamar ta gane. Amma hannun da ya shekara goma a jikin dutse ba ya tambayar launi. Ta kama ja, ta taka kore, ta soka yatsa a tsagar da ke tsakanin alluna biyu, kafin alƙali ya lalubo usur ɗinsa har ta kai sama.

Kocin tawagar, wani mai gilashi a goshi da agogo a wuya, ya ce, "Wannan hawan biri ne. A ina ta koya?"

Na ce, "A dutse. Na gaske, wanda ba kafinta ne ya haɗa shi ba."

"Ai na ji labarin tudun nan naku."

Tudu. Wallahi raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun yi zafi. Tsaka ta danne min ƙafa da tata, shi ya sa ban faɗi abin da ya zo bakina ba. Shi kuwa ya dubi agogonsa, ya sake duba, don lokacin da ta yi ya ba shi mamaki ko da bai so ba. Ya ce zai sake gwada ta bayan sati uku, sau ɗaya tak. Ya ce zai zo garinmu da kansa ya nuna mana yadda ake horo.

Ranar Asabar sai ga shi da zakaransa, wani saurayi da suke kira Dogo, da gwangwanin fenti uku da buroshi. Muka kai su gindin Goshi. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya fara buɗe gwangwanin ja da makullin mota.

Na ce, "Malam, me za a yi da wannan?"

"Zan ɗiga launi a wuraren kamawa. Ta haka idonta zai saba."

Na taka murfin da ƙafata. Na ce masa dutsen nan mahaifinmu ya hau shi, ni na hau shi, babu wanda ya taɓa rubuta ko sunansa a jiki. Wanda yake so ya san inda ake kamawa, ya sa tafin hannu ya tambayi dutsen. Ba za a mayar mana da Goshi allon makarantar yara ba, ko da gurbi goma ne.

"Kai ne za ka shiga gasar, ko ita?"

"To mu yi haka," na ce. "Ga zakaranka nan. In ya kai sama yadda dutsen yake, ni da hannuna zan riƙe maka gwangwani."

Dogo ya yi murmushi ya ɗaura ɗamara. Na zagaya ta bayan dutsen na zuro masa igiya daga sama, na dawo na riƙe masa da kaina don kada a ce na yi mugunta. Gaskiya yaron ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kashi ɗaya cikin uku ya wuce shi kamar tsani. Da ya iso inda Goshi ya zama sumul, sai ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sa hannu a jakar allin busar da gumi ya fi sau biyar. Ƙafarsa ta hagu ta fara rawa kamar ta tela a kan keke.

Ya leƙo ya ce, "Ina mariƙi na gaba?"

Na ce, "Kafinta bai zo aiki yau ba."

Sau uku yana zamewa igiya na tare shi. A na huɗu ya ce a sauke shi. Tsaka ta karɓi igiyar, ta manna tafin ƙafa a wurin da shi bai ga komai ba, ta wuce sumul ɗin tana hira da ni kan wanki. Koci ya yafito Dogo. Suka shiga mota, har gwangwanayen ya manta. Ni kuwa na dinga dariya ina cewa gani ya kori ji, yau an ga tudu.

Tsaka na naɗe igiya, ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Yaya, ka ci gardama. Madalla. Ni kuma saura kwana goma sha tara, kuma har yanzu ban san launi ba."

Nan take na daina dariya. Na ji kunya, kunya ta gaske, don mutumin da na kora shi kaɗai ne ya zo da dabarar da za ta taimake ta. Amma ko a lokacin, da za a sake buɗe gwangwanin, da na sake taka shi.

Washegari na kwashe tayoyin da ke jingine a bangon shagona na baya. Na yanyanka tsofaffin tayoyi gutsu-gutsu, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu ba su fi ɗan yatsa ba. Na huda bango na ɗaure su da noti, daga ƙasa har bakin kwano, na shafa musu fentin Koci. Ni da na zagi bangon birni a gaban jama'a, ga ni na gina wanda ya fi shi muni. Mai walda na kusa da ni ya leƙo ya ce, "Ashe kafinta ya zo aiki." Na ce ya koma ya ji da ƙarafunansa.

Kullum da safe kafin masu babur su fara kawo faci, ina tsaye da sanda. In na ce ja, ta taka kore, sai na buga tsohon rim, ƙarfen cikin taya, ta sauko ta sake daga farko. Kwana biyar na farko rim ɗin nan ya sha duka. Ta yi fushi, ta ce wannan ai kamar a ce mutum ya ci abinci da yatsa biyu ne. Na ce su suka sa dokar, mu kuma da dokar tasu za mu kayar da su. Duk bayan kwana biyu ina kwance mariƙan in sauya musu wuri, bango ya koma kamar rariya, wanda ya ba ni hayar shagon ma ya zo ya yi min tsiya. A sati na uku sandar ta kwana uku ban ɗaga ta ba.

Ranar gwaji, kore aka ce. Tana cikin hawa, kusa da sama, mariƙin ya yi mata nisa, ga kuma tsagar allunan nan a daidai yatsunta. Na ga hannun ya nufi wurin da kansa. Ba ni da rim, sai na buga benci da tafin hannu. Hannun ya tsaya a iska. Ta ja numfashi, ta yi tsalle, ta cafke koren da yatsu uku. Alƙali bai taɓa usur ba.

Koci ya miƙo takardar shiga tawaga. A layin da aka ce a rubuta wurin horo, ya ce ta sa sunan kulob ɗinsa, tunda namu ba shi da rajista. Ta rubuta Goshi, da manyan baƙaƙe, ta mayar masa da bironsa. Ya duba, ya sa hannu.

Sai a tasha na gane abin da na yi wa kaina. Gurbin nan tafiya yake nufi, sansani wata takwas, a jikin katako. Na ba ta takalmin da na sake wa roba. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Yaya, ka tsare min Goshi. Ko ɗigon fenti ɗaya."

Na ce, "Sai dai a shafa a bayana."

Asabar ɗin da ta biyo baya ina cire ƙusa daga tayar wani babur, sai ga Dogo shi kaɗai, da igiya a kafaɗa, yana sosa ƙeya. Ya dubi bangon shagona mai launi, ya ce ko zan nuna masa inda ake kamawa a sumul ɗin nan.

Na ce, "Ba a nunawa. Ajiye jakar allin, ka biyo ni."

Na ja ƙofar shago na rufe, mai babur na ta ƙorafi, muka nufi bayan gari.